Fitsarin shanu da kujerar kansila: abin da na koya a Canterbury

A New Zealand, manomin da ke son ɗibar ruwa daga kogi ko haƙa burtsatse don ban ruwa ba ya zuwa babban birnin ƙasa neman izini. Majalisar yanki yake nufa, kuma mutanen yankin ne ke zaɓen kansilolinta duk shekara uku. A 1989 aka kafa waɗannan majalisu, aka shata yawancin iyakokinsu bisa magangarar ruwa, yadda kogi daga tushensa har inda ya faɗa teku zai kasance a hannun hukuma ɗaya. Dokar kula da albarkatun ƙasa ta 1991 ta ɗora musu nauyin ruwa da ƙasa da iska. Na yi karatun kula da ruwa a Jami'ar Lincoln, kusa da birnin Christchurch a yankin Canterbury, kuma cikin karatun har da bin ma'aikata zuwa ɗibar ruwan gwaji a rafuka da rijiyoyin karkara.

Wanda ya tashi a Kano ya san gurɓataccen ruwa da idonsa da hancinsa. A Challawa ko Jakara za ka ga launi, ka ji wari, in ka bi ka tarar da bututun da ya fito daga masana'anta. A Canterbury ruwan garau yake, har kana ƙirga tsakuwar ƙasansa, sai sakamakon gwaji ya fito ka ga naitiret, wani sinadarin naitirojin da ke narkewa a ruwa ya gurɓata shi, ya hau. Kuma babu bututun da za ka nuna. A 1990 shanun madara a yankin kusan 113,000 ne. Zuwa 2019 sun kai wajen miliyan 1.2, saboda ban ruwa ya mai da busasshiyar ƙasar tumaki makiyayar shanu. Duk inda saniya ta yi fitsari, tana zuba naitirojin a ɗan wuri kaɗan fiye da abin da ciyawa za ta iya sha. Ƙasar mai tsakuwa ce, ba ta riƙe komai, ruwan saman lokacin sanyi ya zo ya wanke ragowar zuwa ƙarƙashi. To wa za a kai kotu? In kwatamin kashin shanu ya cika ya malala cikin rafi, wannan laifi ne bayyananne, ana kai ƙara, ana cin tara mai nauyi. Amma mafi yawan naitiret ɗin daga gonakin da ba su karya wata doka ba yake fitowa.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na lokaci, kuma a labarin Tafkin Taupō, da ke wani yanki daban mai suna Waikato, na fahimce shi. Can ruwan da ya nutse a gona kan yi shekaru gommai a ƙarƙashin ƙasa kafin ya isa tafki. Ke nan abin da ake aunawa yau kiwon iyaye ne, abin da 'ya'ya ke yi kuma jikoki ne za su gani. Majalisar yankin Waikato ta yanka wa kowace gona iyakar naitirojin da za ta iya saki, tsarin ya fara aiki sosai a 2011, aka kuma kafa asusu na wajen dala miliyan 80 ta New Zealand don sayen kashi 20 cikin 100 na abin da gonaki ke saki a janye shi gaba ɗaya. Manomin da ke son ƙara shanu dole ya sayi kaso daga wanda ya rage. Wasu gonakin sun koma dajin katako. Ka duba wahalar da ke nan: kansila mai wa'adin shekara uku zai tsaya gaban masu zaɓensa ya ce su rage dabbobi yanzu, alhali tafkin na iya ci gaba da lalacewa har ya bar kujera, har ma ya bar duniya. Ina girmama duk wanda ya ɗaga hannu ya amince da irin wannan.

Tunda ba a iya auna abin da ke zuba ƙarƙashin kowace gona, sai aka dogara da wata manhaja mai suna Overseer. A ba ta yawan dabbobi, irin ƙasa, taki da ruwan sama, ta fitar da lamba. Manoma sun daɗe suna ƙorafin cewa in aka sabunta manhajar lambar gonarsu ta canja ba tare da sun ƙara ko akuya ba. A 2021 kwamitin masana da gwamnati ta naɗa ya ce ba za a iya dogara da ƙiyasinta yadda ake yi ba. Ni dai ban ga laifin manomin da ya yi tsaki ba. Abin da na lura shi ne ma'aikatan da suka fi samun haɗin kai ba su fara da lamba. Su kan zauna da mai gona a teburin girkinsa, su sha shayi, su zaga gonar tare, shi da kansa ya nuna musu inda ruwa ke kwanciya da inda shanu ke tsallaka rafi. Wanda ya shekara talatin a wuri ya fi taswira sanin waɗannan.

Sai batun wa ke sa ido kan masu sa ido. A 2010 gwamnatin ƙasa ta sauke zaɓaɓɓun kansilolin Canterbury ta naɗa kwamishinoni ƙarƙashin Dame Margaret Bazley, bisa hujjar cewa majalisar ta gaza wajen tsara rabon ruwa. Masu adawa suka ce an share wa masu ban ruwa hanya ne. Sai a 2019 aka koma cikakken zaɓe. Na saurari ɓangarorin biyu, kuma kowa na da abin kamawa: majalisar da manoma suka zaɓa tana jin nauyin taka su, wadda aka naɗa daga sama kuma ba wanda zai iya tsige ta.

A 2020 gwamnati ta sa ƙa'idoji na ƙasa baki ɗaya, ciki har da hana zuba takin zamani na naitirojin fiye da kilo 190 a hekta a shekara a makiyaya, da killace shanu nesa da bakin koguna. Shinge na da amfani, yana rage kashi da laka da ke shiga ruwa, kuma yana da kyau a hoto. Sai dai naitiret ta ƙarƙashinsa yake wucewa. Shi ya sa a wasu sassan karkarar Canterbury ake shawartar mai juna biyu da ke shan ruwan burtsatsen gida ta kai shi gwaji kafin ta haihu, don in ya haura miligiram 50 na naitiret a lita bai dace a dama wa jariri madara da shi ba.