Mun kai darasi na 50: inda littafin Sifaniyanci ya biya da inda ya gaza

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu koyo. Wannan makon rukuninmu na nan Yamai ya kai darasi na 50 cikin 100 na Assimil, littafin koyon Sifaniyanci ta hanyar Faransanci, mako goma ke nan muna yin darasi biyar a mako. Daga nan aikin ya ninka: bayan sabon darasi, kowa zai koma darasi na 1, ya rufe shafin hagu mai Sifaniyanci, ya mayar da Faransancin shafin dama zuwa Sifaniyanci da bakinsa, sannan ya buɗe ya duba. Gobe darasi na 51 da na 2, haka har ƙarshe.

Tsarin littafin na da kyau ƙwarai. Hira ce gajera kowace rana, kuma kowane darasi na bakwai bita ne. Rabin awa ta isa: a saurara sau biyu littafi a rufe, sau ɗaya ana bin rubutu da yatsa, sai a maimaita jimla-jimla da murya sama. Amma duk wannan ya rataya a kan sautin hirarrakin da aka naɗa, wanda ke zuwa tare da littafin. Wanda ya sayi fotokwafi a wurin masu shimfiɗa littattafai a bakin kasuwa, babu murya tare da shi, rabin littafi ya saya. Ku duba kuma shafukan amsoshi kafin ku biya kuɗi, don su ake yawan tsallakewa wajen kwafi.

Inda ya gaza shi ne an rubuta shi don bakin Bafaranshe. Yana ɓata lokaci kan abin da Bahaushe ya riga ya mallaka. Wasulan biyar ne, a, e, i, o, u, kamar namu. Bambancin pero (amma) da perro (kare), wanda ke wahalar da Faransawa, harshenmu ya saba kaɗa shi. Harafin j kuwa, duk wanda ya yi makarantar allo ya san shi, shi ne na farkon kalmar khairi. Har kunnenmu da ya saba da karin sauti yana saurin raba hablo (ina magana) da habló (ya yi magana), matuƙar an lura da ɗan karan da ke bisa wasalin.

Amma kan p da f littafin bai ce uffan ba, alhali nan ne muke tuntuɓe. A Hausa ba mu raba su, sai pino ta koma fino, paso ta fita kamar faso. Maganinsa minti biyar a rana: riƙe madubi, a p leɓɓa biyu su haɗu su rufe tam, a f haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Ku naɗi muryarku a waya ku saurara, don baki yakan yi rantsuwa ya faɗi daidai, kunne ya ƙaryata shi.

Batun ser da estar ma, aikatau biyu na Sifaniyanci masu ma'anar kasancewa, bayaninsa ya yi tsawo, saboda Faransanci aikatau ɗaya gare shi, être. Ku fara da Hausa. Malami ne: es maestro. Yana Tawa: está en Tahoua. Wato "ne" da "ce" sukan kai ka ser, "yana" da "tana" na wuri su kai ka estar. Ba ko'ina wannan ke aiki ba, tunda "ya gaji" está cansado ne, amma ya fi ƙa'idar shafi biyu saurin zama a kai.

Faransancin da ke ɗauke da mu shi ne kuma ke yaudarar mu. Salir fita ce, ba ɓata abu da dauɗa ba. Subir hawa ne. Constipado mai mura ne. Madara da gishiri mata ne a can, la leche da la sal, launi kuma namiji, el color. Ku ware shafi biyu a ƙarshen kaye, wato littafin rubutu, don irin waɗannan kaɗai, kowace kalma da jimlarta. A gefe ku sa waɗanda suka zo daga Larabci, suna da daɗin riƙewa: azúcar sukari, alcalde kuwa asalinta ɗaya da alƙali, ko da yake a wurinsu magajin gari take nufi.

Atisayen Assimil kaɗan ne, ba su isa su kafa aikatau a kai ba. Daga yanzu ana bukatar littafi na biyu, na nahawu zalla, mai bayani a shafi ɗaya da atisaye a ɗayan, da amsoshi a baya. Ƙananan littattafan jimlolin matafiya, ku bar kuɗinku a aljihu, za ka haddace tambaya amma ba ka gane amsa.

Aikin mako mai zuwa: darussa 51 zuwa 55, da komawa 2 zuwa 6. Sai jimla goma kan abin da ya faru jiya, duka da sigar hablé (na yi magana), comí (na ci), salí (na fita). Wanda ya rubuta ayer he comido, bin sawun passé composé, sigar shuɗaɗɗen lokaci ta Faransanci, ya yi, ya goge ya sa ayer comí (jiya na ci).