Ruwan da na ɗauka na yara ne

Da bakina na ce su fito daga babban ruwan. Wannan ne abin da har yau in na tuna sai cikina ya juya. Ba yaran ne suka sulale ba, ba kuma wani ya yaudare ni ba. Ni na tsaya a bakin wurin ninƙaya ina daka musu tsawa, na tattaro su huɗu kamar 'yan tsaki, na kora su zuwa ɗan kewayayyen kwarmin nan na gefe mai tafarfasa da kumfa, wai don hankalina ya kwanta.

Kwana uku bayan ƙaramar sallar 2024 ne. Duk wanda ke Accra ya san Afrilu, tun hantsi rana ke dukan ƙeya. Tun cikin azumi na yi musu alkawarin otal, domin bakin tekun Labadi a makon sallah ba wurin da za ki kai ƙaramin yaro ki dawo da hankalinki ba ne. Nawa uku ne: babbar mai shekara 11, ƙanwarta mai 8, sai Auta da bai cika huɗu ba. Na huɗun ɗan Yayana ne, shekararsa 7, wanda uwarsa ba ta bari ko ƙuda ya sauka a kansa. Sai da na yi ta magiya. Na ce, "Anti, ki bar min shi, idona na kansa." Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "To, amana."

Muka tashi daga Nima muka nufi wani otal can gabashin gari. Kuɗin shiga ya ci min cinikin kwana biyu, kuma ba zan ɓoye ba, wannan kuɗin yana cikin abin da ya hana ni cewa "ya isa haka" da wuri.

Babban ruwan a cike yake da samari, wannan ya dira ta can, wancan ya dira ta nan, ga wani gefe mai zurfin da zai shanye ni kaina. Sai na hango jakuzin, wato ɗan kwarmin nan mai ruwan zafi da kumfa. Ƙarami, ga wurin zama a ciki zagaye, ruwan bai wuce ƙirjin ɗan shekara bakwai ba. A raina na ce ai wannan don yara aka yi shi. Na tambayi saurayin da ke raba tawul, ya ce babu matsala. Da na matsa kusa warin kulorin, maganin da ake zuba wa ruwa, ya buge ni har idona ya kawo ruwa, na juya na ce wa babbar, "Kin ji ƙamshin magani? Nan ma ya fi tsabta." Ashe duka biyun, ƙanƙantar da warin, alamun gudu ne, ni kuwa na karanta su a matsayin gayyata.

Na zauna a baki na zura ƙafafuna, na ciro waya. Daga baya da na duba lokacin da ke jikin hotunan na ga sun yi kusan minti 25 a ciki. Ina cikin ɗora bidiyo a WhatsApp babbar ta ce, "Mma, Auta ya yi shiru." Auta da ko a barci surutu yake. Na ɗago na gan shi ya jingina kansa da bango, ruwa a haɓarsa, ido a lumshe, leɓe a sake. Da na fizgo shi jikinsa zafi rau kamar kwanon da aka sauke daga wuta, kansa na lilo a kafaɗata. Ya kwara min amai a hijabi. Na kai shi inuwa na tuɓe shi, wata mata, Allah ya saka mata, ta kawo ruwan leda muka yi ta shafa masa muna fifita, ina salati ban ma san me nake faɗa ba. Da ya buɗe ido ya fashe da kuka, wallahi ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba. Muka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan har ya dawo daidai.

Abin da ban sani ba a lokacin ga shi. Jikin mutum yana tsayawa ne wajen digiri 37, ruwan jakuzi kuwa ana kai shi har 40, kuma nan ne iyaka ko ga babba. In zafi ya dame mu, zufa ce ke bushewa a fata ta tafi da shi. A cikin ruwan da ya fi jikinki zafi zufa ba ta da inda za ta bushe, zafin shiga yake yi, ba fita ba. Babba in ya zauna kafaɗunsa da kansa suna waje suna shan iska. Auta kuwa duk jikinsa a nutse yake, ga shi ɗan mitsitsi, kamar ƙaramar tukunya a kan babban murhu. Jijiyoyin jini su buɗe, jiri ya ɗebi yaro. Kuma yaron da ya suma a ruwa ba ihu yake yi ba, zamewa yake ƙasa kumfa ta rufe shi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta faɗa ƙarara cewa yaron da bai kai shekara 5 ba kada ya shiga. Ni kuwa na ɗauke shi daga ruwan sanyi da hannuna na tsoma shi ciki.

Na zaci an gama. Muka tattara a gaggauce, ko kayan jikinsu ban tsaya canja musu ba, na yafa musu tawul muka shiga mota. Cunkoso ya riƙe mu fiye da awa ɗaya, suna zaune cikin jiƙaƙƙun kaya. Na gargaɗe su kada wanda ya faɗa wa kowa zancen Auta.

Kwana biyu bayan haka babbar ta tashi tana susa. Ƙuraje jajaye, wasu da ɗan farin ruwa a kai, sun cika mata ciki da cinyoyi da ɗuwawu da hammata. Kafin la'asar ƙanwarta ma ta fara. Surukata Hajiya ta duba ta ce ƙarambau ne. Da ta ji na ɗora su a waya sai ta sauya magana, ta ce baki ne, "Ke ma dai, 'yata, yara huɗu reras ki baje wa duniya?" Ta sa aka shafa musu man kaɗanya. Da magariba wayata ta yi ƙara. Anti ce. Yaronta ya fito da ƙuraje, kuma kunnensa na dama ko taɓawa ba ya bari a yi. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Amanar ke nan?"

Washegari muka kwashe su sai asibiti. Likitar 'yar zango ce, da Hausa muka yi magana. Ta ɗaga rigar babbar, ta duba, ta sauke, tun ban ce komai ba ta ce, "Hajiya, ina kuka je wanka?" Na ce yaya aka yi ta sani. Ta nuna min da yatsa yadda ƙurajen suka bi sawun kayan wankan, inda tufa ta manne nan suka yi yawa, fuska da tafin hannu kuwa fes. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Sudomonas, tana son ruwa mai ɗumi, tana shiga ƙofofin gashi ta kumbura su. Ita ce kuma ta shiga kunnen yaron, don sun yi ta wasan nutso.

Abin da ya fi ƙona min rai, babbar ta fi kowa shan wuya saboda ni na sa ta saka dogon wando mai kama jiki da riga mai dogon hannu, don sutura. Ban yi nadamar suturar ba. Nadamata barin ta cikin jiƙaƙƙen kayan tun daga otal har Nima. Da na tuɓe su nan take sun yi wanka da sabulu, an wanke kayan, da abin ya zo da sauƙi. Minti goma ne kacal, amma ina gudun kada a ga amai a hijabina.

Likitar ta ce ƙurajen kan tafi da kansu cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, a hana susa, in zazzaɓi ya zo ko suka ƙara kumburi a dawo. Yaron ta rubuta masa maganin ɗigawa a kunne. Haka kuwa aka yi, sai dai baƙin tabon ya ɗauki watanni kafin ya bar cikin babbar, kin san fatarmu da riƙe tabo. Da na ba ta labarin Auta ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce yaron da zafi ya kai shi ga amai da sakin jiki asibiti ake wucewa da shi a ranar, ba gida ba. Ban da ta cewa.

Sai na kawo mata hujjata, na ce amma ruwan warin magani yake sosai. Ta yi murmushi. Ta ce ruwan da ake kula da shi da kyau ba ya wannan warin mai hawa kai. Warin yana tashi ne in kulorin ya haɗu da zufa da fitsari da man shafawa, wato maganin ya ƙare a kan dauɗa, bai bar na kashe ƙwayoyin cuta ba. Ga zafi na saurin cinye kulorin, ga iskar kumfa na fitar da shi, ga ruwa kaɗan mutane da yawa. Shi ya sa ake so kulorin jakuzi ya kai aƙalla kashi 3 cikin miliyan, alhali na babban wurin ninƙaya kashi 1 ne mafi ƙaranci. A nan na tuna yadda bangon ke santsi a ƙafata kamar an shafa kuɓewa. Wannan yauƙin gidan ƙwayoyin ne. Na ji shi da ƙafata, na ce tayil mai kyau ne.

Daren nan ban yi barci ba, na yi ta bincike a intanet, har na ci karo da abin da ya sa na gode wa Allah da ƙuraje. A ƙasan irin wannan kwarmin akwai bakin bututu inda inji ke zuƙe ruwa. A 2002 a Amurka wata yarinya 'yar shekara 7, Virginia Graeme Baker, jikar tsohon sakataren harkokin wajen ƙasar James Baker, ta maƙale a irin wannan bakin. Ta iya ruwa sarai. Uwarta ta ja ta kasa, sai da maza biyu suka taru suka ciro ta, amma rai ya yi halinsa. Saboda ita aka kafa doka a 2007 da ta tilasta sa murfi na musamman a irin waɗannan bututun a wuraren wankan jama'a na can. Bututun kan naɗe gashi ma ya riƙe kai a ƙasa. 'Yan matana kuwa kitson sallah ne a kansu, da ƙarin gashi har gadon baya, suna gasar wa zai fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, ni ina ɗaukar su a waya ina dariya. Ban san ko akwai murfi a wurin ba, kumfa ta hana ganin ƙasa, ban kuma nema ba.

Akwai ma wadda ba sai an shiga ruwan ba. Ƙwayar Lijiyonela a tururin take tashi, a shaƙe ta ta kama huhu. A 2019, a wani bajekoli a jihar Karolina ta Arewa, mutum fiye da 130 suka kamu, huɗu suka rasu, aka gano daga jakuzin da aka baje don talla ne. Ta fi kayar da waɗanda suka haura 50 da masu shan taba. Hajiya da ke cewa in kai ta ta gasa gwiwoyinta, na ce mata ta yi haƙuri da tawul da ruwan zafin gida.

Na koma otal ɗin bayan mako guda da hotunan ƙurajen. Wanda aka haɗa ni da shi ya nuna min allo, wai an rubuta dokoki. Yana nan kuwa, bayan tukunyar fulawa, rubutun ya koɗe, da Turanci ƙanana. Na ce ya nuna min littafin da suke rubuta gwajin ruwa da ma'aunin zafi. Ya ce mai riƙe da shi ba ya nan. Na ce in wuta ta ɗauke, injin tace ruwan yana kan janareta? Ya hau kame-kame. Daga ƙarshe ya ce zai ba ni takardar shiga kyauta ni da yara. Kyauta! Na bar masa ita a kan tebur.

Yanzu in mata suka tambaye ni a shago, ban cika dogon bayani ba. Ƙasa da shekara biyar, a'a, ko an sa ni a gaba da kuka. Manyan in dole ne, minti biyar su fito su sha ruwa, su zauna a matakalar sama kafaɗu a waje, kai ba ya nutsewa, kitso a ɗaure a sama. A sa a kashe kumfar a ga ƙasa da ido, in ruwan ya yi duhu ko bango na santsi ko wari ya doki hanci, a juya. Akwai 'yan takardun gwaji da ake tsomawa su canja launi, na sa an kawo min kwalba ɗaya, tana jakata. Waya kuma a jaka take zama. Amma gaskiya tun ranar ban bar ko ɗaya ya sake shiga ba, babban ruwan nake kai su, gefen da ba zurfi, ni ma in shiga da kayana in tsaya. Ruwan nan dai da na kore su daga ciki.

Zancen Auta bai ɓoyu ba, ɗan Yaya ya fesa wa uwarsa tas tun a daren. Na je har gida na ba ta haƙuri da turmin atamfa, ta karɓa, ta ce ya wuce. Da babbar sallah ta zo, naman da ta saba aiko shi ya kawo mana ya kwana biyu a wurinmu, yaron maƙwabta ta ba ya kawo.