Kalma Ɗaya da Ta Riƙe Shirina na Senghor Har Mako Biyu

'Yan'uwa masu koyon haɗa shirin tarihi na sauti, jiya da dare na kammala kashi na biyu na shirina a kan Léopold Sédar Senghor, marubucin waƙoƙi kuma shugaban ƙasar Senegal na farko, kuma rabona da jin daɗin kammala wani aiki irin haka har na manta. Tun farko na tsara cewa kashi na ɗaya zai tsaya a kan waƙa, na biyu a kan majalisa, na uku a kan shugabancin ƙasa daga 1960 zuwa 1980. Tsarin bai yi ƙarko ba, domin shekarar 1945 da littafin waƙoƙinsa na farko ya fito, a cikinta aka zaɓe shi, sai na rasa inda zan yanka.

Abin da ya fi wahalar da ni kalma ɗaya ce tak, wato majalisa. A ɗauka ta farko na ce an zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Senegal, na wuce abina. Da na kunna wa yayana muna shan shayi, sai ya ajiye kofi ya ce, "Ashe Senegal ta riga mu samun 'yanci da shekara goma sha biyar?" Ba laifinsa ba ne. Mu da Ingila ta mulka ba mu san ɗan Kano ko Sakkwato ya zauna a majalisar Landan yana jefa ƙuri'a ba, saboda haka kunnenmu da ya ji majalisa sai ya kai shi Dakar, alhali kujerar tana Paris.

Sai na zarce wajen gyara. Na rubuta bayani na minti uku: majalisar rubuta tsarin mulki ta Oktoba 1945, ta biyu ta Yunin 1946, sannan majalisar dokokin Faransa a Nuwamban wannan shekarar. Na ƙara da batun rukuni biyu na masu zaɓe, inda mutanen Dakar da Gorée da Rufisque da Saint-Louis suke da matsayin 'yan ƙasar Faransa, sauran jama'ar karkara kuwa talakawan mulkin mallaka ne kawai, kuma rukunin farko ya zaɓi Lamine Guèye, na biyu ya zaɓi Senghor, su biyun suna wakiltar Senegal da Muritaniya. Duk gaskiya ne, amma da na saurara sai na ji ni kaina ina hamma. Wannan ɗaukar a ɗakin haya na yi ta, naira dubu shida awa ɗaya, kuma ban yi amfani da ko daƙiƙa guda a cikinta ba. Har yanzu kuɗin nan yana yi mini ciwo.

Mafita ta zo ne daga wani abokina mutumin Maraɗi, wanda ya saurara ya yi dariya ya ce, "Malam, ai depite ne, kamar Diori." Depite shi ne ɗan majalisa da Faransanci. Su a Nijar abin ba baƙo ba ne, tunda Hamani Diori ma ya shiga wannan majalisa ta Paris a 1946. Nan na gane cewa wurin ya kamata in fara ambata kafin muƙamin. Yanzu jimlar tana farawa da Paris, ta ce Faransa tana ba yankunan da take mulka kujeru a majalisarta, sannan ta kawo Senghor da kwatancen Diori. Daƙiƙa arba'in ta ɗauka, kuma ina alfahari da ita.

Da wannan ya zauna, sauran ya bi da kansa. Batun rukuni biyu da na jefar ya dawo a inda yake da amfani, wato 1948, lokacin da Senghor ya rabu da ubangidansa a siyasa Lamine Guèye da SFIO, jam'iyyar 'yan gurguzu ta Faransa, ya kafa tasa jam'iyyar BDS tare da abokin siyasarsa Mamadou Dia, ya kama hanyar ƙauyuka yana neman manoman gyaɗa da shehunnan ɗariƙu, shi da yake Kirista. A zaɓen 1951 jam'iyyarsa ta kwashe kujerun Senegal biyun, ubangidansa na da, Lamine Guèye, ya faɗi. Muƙaminsa a gwamnatin Edgar Faure ta Faransa a 1955 da zamansa magajin garin Thiès a 1956 jimla ɗai-ɗai na ba su.

Akwai carar zakaran maƙwabta a minti na bakwai, daidai kan sunan Mamadou Dia, kuma duk tacewar da na gwada tana cinye muryata tare da ita. Wanda ya san dabarar cire ta ya taimaka mini kafin Asabar.