Abin da aikin kanta a filin jirgin Ikeja ya koya min

Tunda na ajiye aikin bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci min rai. Kamfanin jirgin sama biyu na yi wa aiki a kanta, wato teburin da ake duba tikiti da karɓar kayan fasinja, na farko irin manyan nan masu zuwa ƙasashen waje, na biyu mai tikitin araha da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Abuja da Kano. Mutanenmu na Agege da Mile 12 kullum tambayarsu ɗaya, wai meye bambancin tunda duk sama za a bi. Suna zaton abinci ne da faɗin kujera. Eh akwai wannan, a mai araha ƙarin kilo da zaɓen kujera da canjin rana duk sai ka biya daban, amma ni ban ɗauki wannan zalunci ba, ka sani kafin ka saya.

Ranar da abu ya ɓaci ake gane bambancin. Babban kamfani yana da jirage da yawa, yana da yarjejeniya da wasu kamfanonin, kuma ni da ke kanta an ba ni ikon in mayar da kai wani jirgin ko in rubuta maka takardar otal ba sai na kira kowa ba. Mai araha kuwa jiragensa kaɗan ne, jirgi ɗaya shi zai je Abuja ya dawo ya wuce Kano, in ya makara da safe to duk na bayansa sun makara har dare, kuma abin da aka yarda in ce maka kawai shi ne ka yi haƙuri ka tura saƙon imel.

Wani lokacin hunturu ina kamfanin mai araha hazo ya rufe Kano, jirgin rana har bayan isha bai tashi ba. Dokar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, a fili take, jirgin cikin gida in ya yi jinkirin awa 2 a ba fasinja abin taɓawa, in ya wuce awa 3 yana da damar karɓar kuɗinsa, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 4 na asuba kuma a ba shi masauki. Oganmu ya tara mu ya ce kar wanda ya ɗago zancen sai in fasinja ya tambaya da kansa. To wa zai tambaya? Wanda ya iya Turanci ya iya hayaniya. Akwai wata dattijuwa zaune tun hantsi ko ruwa ba a miƙa mata ba, ta matso ta ce ɗana jirgin nan kuwa zai tashi yau? Na ce Mama gaskiya da wuya, amma kina da haƙƙin a mayar miki da kuɗinki ko a kai ki masauki. Da Hausa na faɗa, na kusa da ita suka ji, nan da nan layi ya haɗu.

Washegari takardar tuhuma, wai na tunzura fasinjoji. Aka cire ni daga kanta aka mayar da ni wajen kaya, ƙarin girman da ake ta min alkawari aka ba wani. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, don ban ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da doka ta ce ba, kuma a kamfanina na farko da na yi haka yabo zan samu.

Sauran abubuwan ƙanana ne. In tafiyarka ta asibiti ce ko za ka haɗu da jirgin Umara kar ka bi araha. A lokacin hazo ka ɗauki jirgin da ya fi sassauci wajen canjin rana. Ka auna kayanka tun a gida. Kar ka zagi yaron kanta, sau da yawa hannunsa a ɗaure yake, ka nemi ogansa, in ya ƙi ka tambayi inda jami'an kare haƙƙin fasinja na NCAA suke a cikin filin, ka je da tikitinka a hannu.