Goro da shayi ne suka maida ni ga sigari

Shekara 11 ina shan sigari, duk azumi sai in ce daga bana na bari. Bara dai na yi da gaske, bayan ƙaramar salla na aje. Dabarata wai duk sanda ƙwaɗayin ya taso in jefa goro baki, da dare kuma in zauna fadarmu ta unguwar Zariya in sha shayi tun na farko har na uku, wani lokaci a sake ɗora buta don ni kaɗai. Kwana 3 na farko ciwon kai da faɗa da kowa, wannan na san da zuwanshi. Amma har kwana na 8 ba barci, gabana sai bugawa yake, hannu na rawa ko zare na kasa sawa a allura, ga ɗinkin biki jibge a shago. Na ce to jikina bai iya zama ba taba, na sayi kara ɗaya. Kara ɗaya ta koma kwali.

Ƙanen mahaifiyata majo ne a asibiti, wato babban ma'aikacin jinya, da na ba shi labari dariya ya yi ta yi, wallahi har yau abin na min ciwo. Ya ce "Kai yaro, nikotin ɗin da kake zargi ai ya daɗe da barin jikinka." Wai in ka zuƙa, nikotin ɗin, wato sinadarin taba mai sa ƙwaɗayi, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya kai ƙwaƙwalwa, amma kusan awa 2 rabinshi ya tafi, shi ya sa hannu ke komawa aljihu. Hanta ce ke aikin, wani sinadarinta CYP2A6 ke juya kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ya koma wani sinadari da ake kira kotinin, shi kuma rabinshi na ɗaukar wajen awa 16, ƙoda ta fidda shi a fitsari. Nan na gane dalilin da karan farko bayan shan ruwa ke sa ni jiri, jinin ya wuni kusan wayam.

Na ce to Kawu me ya hana ni barci? Ya ce goro nawa kake ci? Ashe hayaƙin taba yana sa hanta saurin narkar da kafeyin, wanda ke cikin goro da shayi da kofi. Ka bar hayaƙin, hanta ta rage gudu, kafeyin ya riƙa daɗewa a jini. Ni ko maimakon in rage sai na ninka, goro 5 a wuni ga shayi mai ɗaci bisa kai! Da hannuna na yi wa kaina, na ɗora wa taba laifi.

Na sake aje sigari, yanzu wata 5 ke nan ban taɓa ba. Shayi kofi ɗaya, na uku mai sanyi-sanyi, goro ɓari guda da safe. Hajiyar da na ɓata wa ɗinkin biki dai har yau ba ta dawo ba.