Abin da aikin shagon intanet ya koya mini a Sakkwato

Na ajiye aikin da nake yi wa wani shagon kayan kwalliya da kayan jarirai a nan Sakkwato, kuma tunda abokan sana'a suna ta tambayata dalili, gara in yi bayani gaba ɗaya. An ɗauke ni ne a farkon shekarar 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, matan da suka saba aiko yara da kuɗi a hannu suka koma tiransifa. Hajiya mai shagon ta ga dama ta samu, ta ce in gina mata shago a intanet. Na gina shi a kan WooCommerce, wata manhajar gina shagon intanet, na haɗa shi da Paystack domin biyan kuɗi, na ɗauki hoton kowane kaya tun daga hoda da jan-baki har zuwa famfas da fida.

Matsalar tana wajen littafin sito, wanda yake hannun manaja, ƙanin mijin Hajiya. Tsarin da na yi yana buƙatar duk abin da aka sayar a kanta a cire shi nan take daga lissafin da ke kwamfuta, domin shafin ya nuna wa mai saye abin da ya rage da gaske. Da na kai masa wannan bayani cikin ladabi, sai ya ce: "Yaro, tun ba a haihe ka ba nika saida kaya, ba kwamfuta za ta hwaɗa min abin da ke sitona ba." Yakan sayar da katan-katan na famfas a sari ga 'yan Babbar Kasuwa, ba zai rubuta ba sai ƙarshen mako. Bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi a watan Yuni, farashi ya riƙa canjawa kusan kowane mako, shi kuwa ya canja a kanta ba tare da ya sanar da ni ba.

Wata mata daga Mabera ta yi odar kayan barka, famfas na sabuwar haihuwa da bahon wanka da man jarirai, ta biya ana gobe suna. Da aka shiga sito, babu famfas ɗin ko ƙulli ɗaya. Suna ranar bakwai ake yi, ba a ɗaga shi saboda kayan wani ba su iso ba, don haka matar ta kira Hajiya ranta a ɓace. Manaja ya ce kwamfutata ce ta yi ƙarya. Na buɗe wa Hajiya tarihin shigar da kaya, na nuna mata ranar ƙarshe da aka taɓa lissafin, ta duba ta gane, sannan ta ce: "Ka yi haƙuri, ka san babba ne." A ƙarshen wata aka yanke wani abu daga albashina da sunan ban-haƙurin da aka yi wa matar. Zafin kuɗin bai kai zafin yadda aka ga gaskiya aka kau da kai ba. Shawarata ga duk wanda zai karɓi irin wannan aiki ita ce, kafin ya taɓa kwamfuta, a rubuta a takarda wanda zai riƙa shigar da kaya da farashi, da kuma wanda zai ɗauki alhaki idan ba a shigar ba, mai shago ya sa hannu.

Abin da ya ƙara ɓata tsakanina da manaja shi ne man bilicin da ba shi da lambar rajistar NAFDAC, wanda ya matsa in ɗora a shafin farko saboda yana tafiya. Na ƙi, kuma har yau ban yi nadama ba, domin wanda ke saye ta waya ba ya iya juya kwalba ya duba lamba, amanarmu kaɗai ya riƙe. Haka na ƙi sanya tallar rangwame a kan madarar gwangwani ta jarirai, tunda ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1981, wadda Najeriya ke aiki da ita, ta hana irin wannan talla.

Sauran darussan ƙanana ne. Yawancin masu sayenmu sun fi son su aiko saƙon murya ta WhatsApp a kan cike fom, saboda haka madannin WhatsApp ya fi kwandon saye na shafin aiki. Adireshi a Arkilla ko Runjin Sambo kwatance ne da masallaci ko makaranta, sai a bar wa mai saye fili ya rubuta yadda ɗan kabu-kabu zai gane. Jan-baki ba ya jure zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, da safe ko bayan la'asar ake fitar da shi. Hotuna kuma a rage musu nauyi saboda tsadar data.

Ranar da zan tafi, na rubuta kalmomin sirrin shafin da na asusun biyan kuɗi a takarda, na miƙa wa Hajiya a hannunta, na kuma roƙe ta kada ta ba kowa sai wanda ya yarda zai riƙa shigar da lissafin sito kullum.