Asabar a kogin Wharfe

Yanzu na shigo gida, goma saura na dare, kafaɗata ta dama sai zugi take amma wallahi ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da ya faru yau tun yana ɗanye a kaina.

Da asuba na shirya, don a watan Mayu nan Ingila kafin ƙarfe biyar gari ya waye tas. Dattijon maƙwabcina, wanda wata biyu kenan yana koya min jifan igiyar fatsa a filin ciyawar bayan gidajenmu, shi ya ɗauke ni a motarsa daga Leeds muka bi ta Ilkley har Burnsall, inda gadar nan ta dutse mai baka biyar take kan kogin Wharfe. Lasisin fatsa na hukumar kula da muhalli tun jiya na saya ta intanet, don nan ba a jefa ƙugiya a kogi sai da shi, ga kuma tikitin yini na masu haƙƙin kamun kifi a wajen, shi ma kuɗinsa daban.

Ruwan kamar shayi ba madara, ja-ja haka, amma kana hango tsakuwar ƙasa. Na zura wandon roba mai kai wa ƙirji na shiga, duk da haka sanyin sai da ya ratsa ni har ƙashi. Shi kifin da muka zo nema, tarawut (trout a Turance), irin ruwan da yake so kenan, mai sanyi mai gudu, in ruwa ya ɗumama sosai wahala yake sha.

Ni da na taso ina bin Kawu bakin Neja a Yauri, abin da na sani shi ne a tono tana a soka a ƙugiya a jefa a zauna jira. Nan babu tana babu komai mai rai. Ƙugiya ce ƴar mitsitsiya aka naɗe ta da zare da gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaron ruwa, ƙuda ake ce mata, kuma ba ta da nauyin da za a jefa ta, igiyar ce mai nauyi, ita kake kaɗawa gaba da baya da sanda mai ƙafa tara har ta miƙe ta ajiye ƙudan a kan ruwa a hankali. Dattijo ya ɗaura min guda uku a jere, irin na mutanen Yorkshire tun kakanni, ɗaya sunanta Partridge and Orange, zaren alharini ne ruwan lemo sai gashin makwarwa zagaye ɗaya ko biyu, shi kenan. Na daɗe ina juya ta a tafin hannuna ina mamakin yadda abu kaɗan haka zai ja hankalin kifi.

Har azahar ban samu ko taɓawa ba. Sau biyu igiyata ta maƙale a reshe, sau ɗaya iska ta cukurkuɗa min ita na zauna kan dutse ina warwarewa. Dattijo bai yi min faɗa ba, ya dai ce in bar jifa in tsaya in kalli ruwan. Kifin nan kullum kansa yana fuskantar inda ruwa ke tahowa yana jiran abin da zai kawo masa, don haka ta bayansa ake zuwa, a duƙe, kar inuwarka ta faɗa kansa. Ya nuna min wani layin kumfa inda ruwa mai sauri ya haɗu da mai laushi a bayan wani babban dutse, ya ce abinci nan yake taruwa. Gabana ya faɗi don wallahi irin maganar Kawu ce sak, shi ma haka yake tsayawa ya yi shiru yana karanta ruwa kafin ya watsa birgi.

Na yi salla a kan ciyawa, tumaki na kiwo a bayan katangar duwatsu, wani zalɓe yana tsaye can tsallake ko motsi ba ya yi.

Wajen ƙarfe biyu gajimare ya rufe rana, sai ga ƙananan ƙwari suna fitowa daga ruwa fukafukansu a tsaye suna bin gudu, daga nan sai zobe-zobe ya fara bayyana a kan ruwan, ɗaya nan ɗaya can, daidai layin kumfar. Na lallaɓa na jefa sama da dutsen, na ɗaga sanda ina bin igiyar da ido, sai kawai ta tsaya cak. Na ɗaga hannu. Kai, ƙarfin da ke jikin kifin nan! Ya ja ƙasa ya dawo ya yi tsalle sau ɗaya, ni kuwa bakina ba abin da yake sai bismillah, har dattijo ya zura ragar hannu ya tare shi.

Bai wuce inci 12 ba. Bayansa ruwan ƙasa mai duhu, cikinsa rawaya kamar man shanu, gefensa ɗigo-ɗigo baƙaƙe da jajaye, kowane jan ɗigo da ɗan farin zobe kewaye da shi. Ba wanda ya reno shi a tafki, a cikin tsakuwar kogin nan aka ƙyanƙyashe shi, a nan iyayensa suka zuba ƙwai a tsakiyar hunturu. Na jiƙa hannuna kafin in taɓa shi kamar yadda aka koya min, ƙugiyar ba ta da ƙaya don haka nan take ta fita, na riƙe shi a cikin ruwa kansa na fuskantar gudu ina jin numfashinsa a yatsuna, can sai ya kaɗa wutsiya ya ɓace.

A mota na kira Kawu ta WhatsApp na tura masa hoton. Ya ce masha Allah ɗana, kifi mai kyau, miya za a yi ko suya? Na ce Kawu ai na mayar da shi ruwa. Ya yi shiru har na ɗauka layi ne ya yanke, sannan ya ce to ina dalili? Na ce ba su da yawa a kogin, in kowa ya ɗauki nasa ƙarewa za su yi. Ya ce haka ne, giwan ruwan da suke kamawa suna samari ma yanzu sai a jima ba a ga irinta ba. Ya ce in na zo hutu in taho masa da ƙudan gashin makwarwar nan ya gani da idonsa.

Na roƙi dattijo ya ba ni ƙudan guda biyu, suna cikin ƙaramin gwangwani a kan tebur. Ya ce Asabar mai zuwa in ba a yi ruwan sama da yawa ba za mu haura wajen Grassington.